Fallen alminiyam mai roba a tsakiya: yadda ya yi aiki a difuzar bayan mota ta haɗin gida

Duk wanda ya harhaɗa mota da hannunsa, musamman irin ƙananan motocin nan masu kujera biyu da ake kwaikwayo daga Lotus Seven, wadda Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fitar a 1957, yakan kai lokacin da zai fara leƙa ƙarƙashinta yana tunanin abin da iska ke yi a wurin. Difuza ita ce allon da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bayan mota, wanda ke farawa daidai da cikin motar, wato shimfiɗar ƙarƙashinta da ke fuskantar titi, sannan ya riƙa ɗagawa sama a hankali har zuwa ƙarshenta. Wadda ake sayarwa a shirye, ta zaren kabon, ta fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin kasafi, kuma sau da yawa ba ta zama daidai a motar da kowa ya haɗa tasa yadda ya ga dama. Wannan ne ya sa na yi tawa da fallen alminiyam mai roba a tsakiya, irin wanda masu allunan talla ke amfani da shi, kuma ra'ayina a kansa shi ne ya cancanci aikin, matuƙar an kiyaye shi daga zafi kuma an ɗaure shi yadda ya kamata.

Fallen hawa uku ne: fatar alminiyam siririya a sama, wata a ƙasa, da robar foliyetilin a tsakani. An fi saninsa da sunayen Dibond da Alucobond, ko da yake kamfanoni da dama suna yin irinsa, kuma wanda na yi aiki da shi ba ya ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye. A nau'in Dibond mai kaurin milimita 3, kowace fata tana da kaurin milimita 0.3, kuma murabba'in mita ɗaya yana da nauyin kimanin kilo 3.8. Zallar alminiyam mai kaurin milimita 3 ya kai kilo 8.1. Kwatancin da ya fi dacewa shi ne da zallar alminiyam mai kaurin milimita 1.5, wanda nauyinsa ya yi kusa da na wannan falle, amma idan ka ɗaga shi da hannu biyu sai ka ga yana lanƙwasa yana kaɗawa, shi kuwa mai roba a tsakiya yana tsayawa ƙyam. Dalilin shi ne robar ta nisanta fatun biyu da juna, kuma wannan tazarar ce ke ba shi ƙarfin tsayuwa ba tare da ƙarin nauyi ba.

Tsayuwar nan tana da muhimmanci saboda yadda difuza ke aiki. Iskar da ta shiga tsakanin cikin mota da titi tana ratsa wuri mai ƙunci, kuma idan ta iso difuza sai wurin ya buɗe mata sannu a hankali, ta rage gudu, matsinta ya koma daidai da na iskar waje. Hakan yana sa iskar da ke mashigar difuzar, inda allon ya fara ɗagawa, ta ƙara sauri, matsinta ya faɗi, motar ta ji kamar ana jan ta zuwa ƙasa. Wannan hikimar ce ta ba motar tsere Lotus 79 galaba a gasar Formula 1 ta 1978 a hannun direba Mario Andretti, kuma difuza mai hawa biyu tana cikin abubuwan da suka taimaki ƙungiyar tsere ta Brawn GP ta lashe gasar 2009. Sharaɗin shi ne iskar ta ci gaba da bin fuskar allon ba tare da ta rabu da shi ba. Allon da ke kaɗawa ko ke kumbura a tsakiya yana sauya kusurwarsa yayin da mota ke gudu, iskar ta rabu da shi, aikin ya tashi a banza.

Wajen yanka da lanƙwasawa fallen ya fi burge ni. Na fara da kwali, na auna shi a jikin motar tana tsaye a kan tayoyinta da nauyin direba a ciki, domin idan mota tana kan jak, aksul, wato sandar da ke riƙe tayoyin baya, yakan sauka ƙasa, awon ya fito ba daidai ba. Da na gamsu da siffar sai na zana ta a kan ledar da ke rufe da fuskar fallen. Zarton lantarki mai ƙananan haƙora yana ratsa shi cikin sauƙi, kuma a layi miƙaƙƙe wuƙa mai kaifi ma tana isa idan an bi layin sau da dama kafin a karya. Don yin gefuna, ana fafe rami mai siffar V a bayan fallen, a cire fatar baya da mafi yawan robar, a bar 'yar roba kaɗan a kan fatar gaba, sannan a lanƙwasa da hannu. A gaban idona layin ya miƙe sarai, kusurwar ta fito da kaifi kamar an yi ta a injin lanƙwasa ƙarfe, fentin fuskar bai ko tsage ba. Sai dai lanƙwasawar sau ɗaya ce tak. Fata mai siranta haka ba ta jure a buɗe ta a sake rufewa, tana tsagewa a kan layin, don haka duk wani gwaji a gama shi a kwali ko a guntun da ya rage.

Kusurwar da aka saba bai wa difuzar irin wannan mota tana tsakanin digiri 7 zuwa 12, kuma na tsaya a 10. Lissafin ba shi da wuya: allo mai tsawon santimita 60 zai ɗaga da kimanin santimita 10 da rabi a ƙarshensa. Idanu sukan so a ƙara ɗagawa domin ya fi kyan gani daga baya, amma da zarar an wuce iyaka iskar takan saki allon ta koma jujjuyawa. Na yi shinge a gefe biyu da wasu guda biyu a tsakiya, duk daga fallen ɗaya, saboda tayoyin baya suna watso gurɓatacciyar iska zuwa ciki, kuma shingen ne ke tare ta. Falle ɗaya mai faɗin santimita 122 da tsawon 244 ya wadatar da difuzar da shingayenta, har da ragowar da ta rufe wani sashe na cikin motar a gaban aksul.

Wannan ragowar ta fi yadda ake zato amfani, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya rage buri. Difuza ba ta iya gyara iskar da ta riga ta hargitse kafin ta iso gare ta. Idan cikin motar a buɗe yake, sandunan shasi da akwatin giya da bututu duk suna waje, to abin da zai isa bayan motar bai da tsarin da za a yi aiki da shi. Motar titi kuma tana da tsayi daga ƙasa fiye da ta tsere nesa ba kusa ba, wanda hakan ke rage ƙarfin jan. Ƙari a kan haka, motoci masu siffar Seven an san su da sauƙin gaba idan gudu ya yi yawa, saboda iska tana ɗaga hancinsu da murfin tayoyin gaba, don haka duk abin da ya danne baya kaɗai yana iya sa tayoyin gaba su ƙara rage kama titi a kwana mai sauri. Abin da na lura da shi a filin tsere shi ne bayan motar ya ƙara natsuwa a dogon layi, kuma zaren ulu da na manna a fuskar allon da salatif, na ɗauki hotonsa da ƙaramar kyamara, ya kwanta ya miƙe zuwa baya a tsakiya, ko da yake wanda ke kusa da tayoyi yana ta rawa. A gudun cikin gari ban ji wani bambanci ba, kuma hakan ya dace da lissafi, tunda ƙarfin iska yana ninkuwa sau huɗu ne idan gudu ya ninka sau biyu.

Babban raunin fallen shi ne zafi. Masu yin sa suna ba da iyakar aikinsa a kusan digiri 80 na ma'aunin Salshiyos, robar tsakiyar tana narkewa da an ɗan haura digiri 100, kuma tana cin wuta. Bututun salansa ya fi haka zafi sau da yawa. A motar da salansarta ke fita ta gefe, kamar yawancin masu siffar Seven, matsalar ba ta taso ba. Wanda tasa ke bi ta ƙarƙashi zuwa baya dole ya yanke fallen ya bar tazara mai kyau, ya cike wurin da zallar alminiyam, ya sa abin tare zafi. Akwai nau'in da aka cakuɗa tsakiyarsa da ma'adinai don ya ƙi kama wuta, ya fi nauyi kaɗan, kuma shi zan ba da shawara ga duk wanda tankin mansa ke daidai saman difuzar. Haka kuma kan aksul, wato kumburin da ke tsakiyarsa, yana buƙatar iska don man giyarsa ya huce, saboda haka kada a rufe shi ruf. A huda 'yan ramuka a mafi ƙasan allon domin ruwa, ko mai idan ya ɗiga, ya sami hanyar fita maimakon ya taru.

Rauni na biyu yana wajen ɗauri. Robar tsakiya tana da laushi, idan aka ƙulle noti da ƙarfi sai kansa ya nutse cikin fatar, kuma girgiza takan faɗaɗa ramin a hankali har allon ya fara ƙara. Maganin shi ne wosha mai faɗi a kowane noti, da notin da ba ya kwancewa da kansa, da rami mai ɗan girma fiye da notin domin alminiyam yana miƙewa da zafi. Ƙarfin da iska ke iya yi ba abin rainawa ba ne: a gudun kilomita 160 cikin awa, matsin iskar da ke tunkarar mota ya kai kwatankwacin kilo 120 a kan kowane murabba'in mita, kuma ko wani kaso na wannan ya isa ya fizge allon da aka riƙe da 'yan ƙananan kusoshi. Bakin gaba ya fi kowane wuri haɗari, domin idan ya sauka iska za ta shiga samansa ta ɓalle shi gaba ɗaya, ya faɗa gaban wanda ke biye. Na tura bakin nawa ya shige saman allon cikin motar, na ƙarfafa shi da sandar alminiyam mai kusurwa, na ɗaure komai a jikin shasi, ba a jikin bodi ba. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe na sa siririyar roba a tsakani, saboda haɗuwar ƙarafan biyu cikin danshi tana cinye alminiyam.

Game da juriya, duwatsun da taya ke watsowa suna barin ƙananan lotsa a fatar, kuma gefen da aka yanka, inda baƙar robar ke bayyana, yana iya fara rabuwa idan ya gogi tudun rage gudu. Goge gefen da magagari da rufe shi da robar baki yana rage wannan sosai. Faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da gam ya ƙame, ta fi fallen iya ɗaukar siffa mai lanƙwasa ta ɓangarori biyu, amma tana buƙatar a fara yin mazubi, ga ƙura ga wari ga jiran bushewa. Katako ya fi sauƙin samu, sai dai yana shan ruwa kuma yana da nauyi. Ga mai son difuza miƙaƙƙiya, wadda zai iya cirewa ya sake yanka wata idan ya sauya kusurwa, wannan fallen ya fi su dacewa. A zaɓi mai kaurin milimita 3 zuwa sama, a tambayi kaurin fatar kafin a biya, domin akwai masu araha da fatarsu ba ta kai milimita 0.3 ba, kuma irin waɗannan sukan tsage tun a lanƙwasawar farko.