Ranar Ma'aikata: Ta 1 ga Mayu da Ta Amurka

A nan Legas, ranar 1 ga Mayu ta fareti ce. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suna hallara a filin wasa, kowace da anko da kwalaye, a gabatar da koke kan albashi da tsadar rayuwa a gaban gwamna. Kano ce ta fara ba da wannan hutu a 1980, zamanin Abubakar Rimi, gwamnatin tarayya ta bi a 1981.

Asalin ranar kuwa daga Amurka yake, yajin aikin Chicago na 1886, lokacin da ma'aikata suka nemi a tsaida aiki a awa 8. Amma su Amurkawa nasu hutun Litinin ɗin farko ta Satumba ne, tun 1894, kuma yawanci gashin nama ake yi da iyali, shaguna su karya farashi.

Ni namu ya fi kwanta min, don ana faɗa wa masu mulki gaskiya ido da ido. Abin da ke ci min rai shi ne 'yan dakon kasuwar Mile 12. Ranar ma, tun asuba suna sauke kwandunan tumatir daga tirela, gammo a ka.