Tantancewar UKAS ga cibiyoyin duba waɗanda aka yi wa fyaɗe: abin da take tsarewa da inda ta gaza

A Ingila da Wels, cibiyoyin da ake kira SARC su ne inda likita ko ma'aikaciyar jinya ke duba wadda aka yi wa fyaɗe, a ba ta magani, a kuma ɗauki samfurin da zai iya zama hujja a kotu. Ta farko ita ce ta asibitin St Mary's a Manchesta, wadda aka buɗe a 1986. Dokar mai sa ido kan binciken kimiyyar laifuka ta 2021 ta haifar da ƙa'idar aiki da ta fara a Oktoban 2023, aka ba cibiyoyin wa'adi zuwa Oktoban 2025 su sami shaidar inganci bisa mizanin ƙasa da ƙasa na ISO 15189 daga UKAS, hukumar tantance inganci ta Birtaniya. A ganinmu tsarin ya cancanci wahalar da ke cikinsa, amma yana da giɓi.

Babban ƙarfinsa yana wajen hana gurɓatar DNA. Gwajin zamani na iya gano mutum daga 'yan ƙwayoyin fata kaɗan, don haka tari ɗaya, ko safar hannu da ta taɓa mariƙin ƙofa sannan ta taɓa tsinken audugar ɗaukar samfur, ya isa ya sa sunan wanda bai ji ba bai gani ba cikin shari'a. Masu tantancewa ba sa yarda da cewa "ai mun goge". Sai sun ga rubutaccen tarihin tsaftace ɗakin: wa ya goge, da wane sinadari, yaushe, da lambar hatimin da aka rufe ƙofa da shi. Lokaci zuwa lokaci ana shafa auduga a kan gadon dubawa, teburin kaya da fitila, a aika ɗakin gwaji. Idan DNA ya bayyana, a sake wankewa, a sake gwadawa, a bi diddigin inda ya fito. Shi ya sa ake ajiye bayanan DNA na ma'aikata, har da masu shara. Tsinken auduga kuwa sai wanda ya cika mizanin ISO 18385, domin wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta kawai yana iya ɗauke da DNA ɗin ma'aikacin masana'anta. 

Ana kuma bin jerin hannuwan da samfur ya ratsa. Kowace jaka da lambarta, da sa hannun mai bayarwa da mai karɓa. Wadda ta zo da kanta ba tare da 'yan sanda ba, ana adana samfurinta a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili domin ta sami lokacin yanke shawarar ko za ta kai ƙara. Firizar da ta lalace ranar Asabar babu ƙararrawa tana iya ɓata hujjar mutane da dama, saboda haka ana neman rajistar sanyi da tsarin abin da za a yi idan wuta ta ɗauke.

Mai tantancewa yana gwada ko ma'aikaci ya san iyakar lokacin ɗaukar samfur bayan fyaɗen: samfurin farji har kwana 7, na dubura awa 72, na baki awa 48. Maganin kariya daga HIV dole a fara shi cikin awa 72. Shaidar ingancin ta UKAS tana tafiya ne a zagayen shekara 4, da ziyarar bibiya kowace shekara, kuma duk kuskuren da aka rubuta sai an kawo hujjar gyara kafin a rufe shi.

Inda tsarin ya gaza shi ne asalinsa. An rubuta ISO 15189 ne domin ɗakunan gwajin asibiti, inda abin da ke gabanka kwalbar jini ce. A nan kuwa mutum ce a firgice, wani lokaci yarinya, wani lokaci namiji. Ɗaki babu labule babu kafet, ma'aikaciya sanye da takunkumi da hula da riga har ƙasa, duk daidai ne a takarda, amma yana iya ƙara wa mai rauni tsoro. Mizanin yana duba ko an rubuta amincewarta; da wuya ya auna ko an ba ta damar cewa a dakata, ko an yi mata bayani da harshen da take ji. Cibiyoyin da suka iya aiki suna gaisawa da ita fuska a buɗe a ɗakin tarba, su faɗa mata dalilin kowace sutura kafin su saka.

Sai nauyin takardu da kuɗi. Ƙaramar cibiya na buƙatar mai kula da inganci na musamman, in ba haka ba aikin zai faɗa kan ma'aikaciyar jinyar da ke jiran kira da dare. Rufe ɗaki domin sake wankewa ma yana nufin jira, alhali awannin samfur na ƙarewa. Cibiyar da ke shirin neman shaidar ingancin ta tanadi ɗakin dubawa na biyu, ta kuma tara aƙalla 'yan watannin sakamakon gwajin tsaftar ɗaki kafin ta gayyaci masu tantancewa.