Rigakafin ciwon huhu a Ladduga: aiki ya yi kyau, sanarwa ce da saura

Bana ƙungiyar makiyaya ta yankinmu ta kawo ma'aikatan dabbobi har Ladduga, a ƙaramar hukumar Kachia, aka yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu. Na kai nawa garken, kuma na yaba.

Abin da na fara dubawa shi ne sanyi. Wannan allura, wadda ake haɗawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, in ta sha rana ta zama ruwa, kuɗinka ya tafi a banza. To, a cikin akwatin ƙanƙara suka zo da ita, ba sa haɗa wata kwalba sai ta hannu ta ƙare. Likitan ma bai ɓoye mana ba, ya ce wata saniyar wurin allurar kan kumbura, kuma sai an maimaita baɗi. Ko tambayata kan sammore, cutar da ƙudan tsando ke saka wa shanu, ya tsaya ya amsa, alhali ba shi ya kawo shi ba.

Inda aka gaza, sanarwa. A WhatsApp aka saka, ga rugage da yawa ba sabis. Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, baɗi a bi ta hannun arɗo-arɗo da ranar kasuwa.