Maganin sa shanu neman sa lokaci guda: wanne ya cancanci kuɗinka?

Mai barbarar zamani, wato mai sa wa saniya maniyyin sa da hannu, ba zai taso daga Yamai zuwa Tawa saboda saniya ɗaya ba. Shanunmu na Azawak kuwa neman sa nasu gajere ne, sau da yawa cikin dare yake wucewa. Dole a ba su magani su nemi sa lokaci guda, a tsayar da rana.

Ni dai na'urar da ake sa wa saniya a farji nake zaɓa, PRID ko CIDR. Tana sakin sinadarin furojestaron sannu a hankali, shi ke riƙe saniya kada ta nemi sa sai an cire. A bar ta kwana 7 zuwa 9, a yi allurar furostagilandin, mai buɗe wa saniya hanyar neman sa, ana gobe za a cire, ranar cirewa a ba da PMSG, allurar da ke sa ƙwan saniya ya nuna, bayan awa 56 a yi barbara. Abin da ya sa na riƙe ta: tana iya tayar da saniyar da rani ya kwantar wa da mahaifa, irin wadda ta daɗe ba ta nemi sa ba. Igiyar na'urar na leƙowa ƙarƙashin wutsiya, kowace safiya makiyayi ya duba ko tana nan. Amma fa saniyar da haƙarƙarinta ke ƙirguwa, ƙwayar auduga da dusa take buƙata tukuna.

Furostagilandin kaɗai, irin Estrumate, allura 2 tsakanin kwana 11, ya fi araha, sai dai ba ya aiki ga saniyar da jikinta ya tsaya. Tsarin Ovsynch kuwa, na jerin allurai ba na'ura, a bar wa masu shanun madara na Turai.

Yanzu ga inda nake roƙonku, ƴan'uwa. PMSG cikin firigo yake zama, tsakanin digiri 2 da 8. An taɓa sayar mini da kwalbar da ta sha rana a shago, aka rantse mini daga sanyi ta fito. Na biya mai barbara, na biya maniyyi, shanun ko gezau. Kada ku saya a tebur ranar kasuwa. Ku duba ranar lalacewa da lambar kwali, in takardar jikin kwalba ta yi kamar an liƙa wata bisa wata, ku ajiye. Ku je farmasin dabbobi da kwandon ƙanƙara, a buɗe firigon gabanku.

Likitan dabbobi ya shafa kowace saniya ya ga ko tana da ciki kafin allura, don furostagilandin na sa mai ciki ɓari. Mace mai juna biyu da mai ciwon asma kada su taɓa kwalbar furostagilandin.