Kalandar Islamiyya: da Python za a haɗa ta ko da JavaScript?

Wani ɗan'uwa daga Pantami, cikin garin Gombe, ya yi tambaya. Yana son haɗa wa Islamiyyarsu kalandar 2026 da za a buga a takarda a manna a kowane aji. Sunayen ranaku da watanni su fito da Hausa, mako ya fara daga Asabar tunda Alhamis da Juma'a ne hutunsu, sannan a ga kwanan watan Musulunci a ƙarƙashin na Bature. Ya ɗan taɓa Python, ya ɗan taɓa JavaScript. Da wanne zai yi?

Malam, tunda takarda ce za ta fito, ka yi da Python. Akwai wurin da JavaScript ya fi shi, za mu zo kansa, amma mu fara da abin da ya fi cin lokaci, wato jera kwanaki a gidajensu.

Python yana zuwa da laburaren calendar (wato tarin umarni da aka riga aka rubuta don aikin kalanda) a jikinsa, ba sai ka sauke komai ba. Ka rubuta calendar.Calendar(firstweekday=5), sannan ka kira monthdayscalendar(2026, 2), zai miƙo maka watan a yanke mako-mako, kowane mako gida bakwai, gidan da ba na watan ba kuma ya sa masa sifili. Lamba 5 ɗin nan ita ce Asabar, domin a lissafin Python Litinin ce 0, Lahadi 6. JavaScript ba shi da irin wannan. Date yana ba ka rana ɗaya ne kawai, kai za ka gina jadawalin da hannunka: ka nemo ranar da watan ya kama da getDay, ka nemo yawan kwanakinsa, ka ƙirga gidaje nawa za ka bari fanko a farko. Lissafin gidajen fanko shi ne (ranar farko − farkon mako + 7) % 7, inda % 7 ke nufin ragowar da ta saura bayan an raba da 7. Ba wuya ba ne, sai dai a nan mutane ke zamewa, saboda a JavaScript Lahadi ce 0, Asabar 6, kuma watanni daga sifili suke farawa, Janairu 0, Disamba 11.

Duba Fabrairun 2026, wanda ya kama ranar Lahadi. A Python, calendar.monthrange(2026, 2) zai ba ka 6 da 28. A JavaScript sai ka rubuta new Date(2026, 1, 1).getDay() ya ba ka 0, kwanakin watan kuma ka same su da new Date(2026, 2, 0).getDate(), wato ranar sifili ta Maris, wadda ita ce ranar ƙarshe ta Fabrairu. Rana ɗaya, lamba biyu daban. Wanda ya kwafi lissafi daga wannan harshe zuwa wancan bai gyara ba, duk kalandarsa za ta goce da kwana ɗaya, kuma ba wani gargaɗi da kwamfuta za ta yi masa. Ka kuma lura: monthrange bai damu da ranar da ka zaɓa ta zama farkon mako ba, kullum Litinin ce 0 a wurinsa.

Kafin ka zana shafi, ka tanadi layi shida ga kowane wata. Yawan layukan yana canzawa da ranar da mako ya fara. In daga Lahadi aka fara, Fabrairun 2026 layi huɗu ne cif, Mayu da Agusta kuwa shida-shida. In daga Asabar ne kamar naku, Fabrairu ya koma biyar, Agusta ma biyar tunda Asabar ya kama, Mayu kuma yana nan a shida, domin 1 ga wata Juma'a ce, ita kaɗai a layin farko. Wanda ya auna takardarsa da layi biyar zai ga 30 da 31 ga Mayu sun faɗa shafi na gaba.

Yanzu batun Hausa, inda JavaScript ke da abin faɗa. Yana da Intl.DateTimeFormat, ka ba shi "ha-NG" ya fito maka da Litinin, Talata, har da sunayen watanni, ba ka rubuta ko ɗaya ba. Matsalar ita ce wannan ya dogara da burauzar da aka buɗe shafin a kai. In ba ta ɗauke da bayanan Hausa, ba za ta yi ƙorafi ba, kawai za ta koma harshen da aka saita na'urar a kai, sai ka ga Turanci a wayar wani malami alhali a taka komai daidai ne. Ana gwadawa da Intl.DateTimeFormat.supportedLocalesOf("ha"), in ya dawo fanko, babu. Python ma yana da LocaleTextCalendar da LocaleHTMLCalendar, su kuma suna roƙo ne daga tsarin harshen da ke kan kwamfutar. In ba a girka na Hausa ba, aikin zai tsaya da kuskure. Ra'ayinmu a nan ɗaya ne ga harsunan biyu: kada ka jingina da ko ɗaya. Sunaye goma sha tara ne kacal, ranaku bakwai da watanni goma sha biyu. Rubuta su da kanka a jeri, ka kuma zaɓi rubutun da makarantarku ta saba, Fabrairu ko Faburairu, Afrilu ko Afirilu.

Abubuwa uku za su iya ba ka ciwon kai a wannan jerin. Jerin ranakun Python dole ya fara da Litinin ko da Asabar ce farkon makonku, domin laburaren da lambar rana yake ɗauko suna, shi zai juya su da kansa. Sai Juma'a: alamar da ke tsakiyarta za ta katse rubutun in ka kewaye sunan da irinta, don haka ka yi amfani da mai baki biyu, "Juma'a". Na ukun ya fi ɓoyewa. TextCalendar, ɓangaren laburaren calendar mai fitar da wata a rubutu zalla, yana yanke sunan rana gwargwadon faɗin gida, kuma faɗinsa na asali harafi biyu ne. A Turanci ba laifi, amma a Hausa Laraba da Lahadi duk za su zama "La". Ka sa w=3 a formatmonth ka samu Asa, Lah, Lit, Tal, Lar, Alh, Jum. Haka Yuni da Yuli, Maris da Mayu, kada a gajarta su ƙasa da harafi uku.

Shi TextCalendar ɗin ma ba na bugawa ba ne. Yana jera lambobi ne da tazara, ba ya tsayuwa daidai sai da salon haruffa masu faɗi ɗaya. In za ka tura wa malamai a WhatsApp, kewaye shi da alamar ``` a farko da ƙarshe, zai miƙe. Na bango kuwa HTMLCalendar za ka ɗauka, mai fitar da kalandar a matsayin shafin burauza, ka gaje shi (wato ka gina naka a kansa), ka sauya formatweekday da formatmonthname su ɗauko sunayenka, ka buɗe sakamakon a burauza ka ajiye shi PDF, shi za ka kai wa mai buga takarda. Kowane gida yana fitowa da lakabinsa, thu, fri, noday da sauransu, saboda haka layi ɗaya na CSS, harshen da ake yi wa shafi ado da shi, ya isa ya rina Alhamis da Juma'a launin hutu. Wurin ajiye fayil ka kula: formatyearpage, mai haɗa shafin shekara guda, bayit yake bayarwa (wato ɗanyen bayani, ba rubutu ba), sai a buɗe fayil da "wb". In kuma kai ka haɗa shafin, ka sa encoding="utf-8" a open, ka kuma sa meta charset a saman shafin. In ba haka ba, a Windows harafin ƙ ɗaya tak a taken kalandar zai iya tsayar da aikin da UnicodeEncodeError, ko ɗ da ƙ su fito tarkace a takarda.

Kwanan watan Musulunci shi ne inda ya kamata ka fi tsayawa. Laburaren calendar bai san Hijira ba sam, lissafin Bature kawai yake yi. A nan JavaScript ya yi gaba, domin Intl yana karɓar calendar: "islamic-umalqura" ya juya maka kwanan wata nan take. A Python sai ka girka wani laburare daga waje, hijridate, wanda a da ake kira hijri-converter. Gregorian(2025, 3, 1).to_hijri() zai ba ka 1 ga Ramadan 1446, kuma yana aiki daga shekarar 1343 zuwa 1500 bayan Hijira. To amma dukansu biyun kalandar Ummul Ƙura suke bi, wadda ta Saudiyya ce, an lissafa ta tun kafin watan ya tsaya. Mu kuwa a Nijeriya sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ake jira bayan an ga wata. Sau da yawa sukan dace, kamar azumin 1446 da aka fara ranar Asabar 1 ga Maris 2025 a ƙasashen biyu, amma saɓanin kwana ɗaya abu ne da ke faruwa. Kalandar da yara za su riƙa dubawa a aji ba ta kamata ta yi musu da sanarwar da iyayensu suka ji a rediyo ba.

Abin da muke ba da shawara shi ne ka ajiye ɗan jadawali naka: kowane watan Musulunci da ranar Bature da ya kama. Ka cika shi da hijridate tun farko, in sanarwa ta zo daban ka gyara layi ɗaya. Kwanan kowace rana sai ya zama (ranar − farkon watan).days + 1. A ƙasan kowane shafi a rubuta cewa kwanan watan Musulunci ya danganta da ganin wata. Don wannan dalilin ma gara a riƙa bugawa zango-zango, ba shekara guda a lokaci ɗaya ba. Ka sani kuma formatday na HTMLCalendar lambar rana da ta mako kawai ake miƙa masa, bai san wata ko shekara ba. Ko dai ka adana su a formatmonth kafin ya kira shi, ko ka bar shi ka yi aiki da monthdatescalendar, wanda ke ba ka cikakken kwanan wata a kowane gida, har da kwanakin watan baya da na gaba da suka cike layi. Na biyun ya fi tsabta.

In wata rana makarantar ta buɗe shafin intanet tana son iyaye su riƙa danna wata su ga jarrabawa da hutu, wannan aikin JavaScript ne, ba gardama. Ranar nan ka tuna da tarko ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Agogon Nijeriya yana gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, don haka new Date(2026, 2, 1).toISOString() a kwamfutar da ke Gombe zai nuna 28 ga Fabrairu ƙarfe 23:00, ba 1 ga Maris ba. Wanda ya yanko kwanan wata daga nan ya adana, duk ranakun jarrabawarsa za su ja baya da kwana ɗaya. Ka ɗauko su da getFullYear, getMonth da getDate, kada ka manta ƙara 1 a kan watan.