Shirin Upward Bound a Idon Uban Ɗaliba

'Yata ta shafe shekara uku a shirin Upward Bound, mai shirya ɗaliban sakandare don shiga jami'a, wanda wata jami'a ke gudanarwa a birnin da muke zaune a Amurka, kuma ko sisin kwabo ba a taɓa nema a hannuna ba.

Shirin ya samo asali ne daga dokar yaƙi da talauci ta 1964, a zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Lokacin da aka gwada shi a 1965, cibiyoyi 17 ne kacal da ɗalibai dubu biyu da 'yan kai, amma yanzu cibiyoyinsa sun haura 900. Gwamnatin tarayya ce ke ba da kuɗi, jami'o'i da ƙungiyoyin al'umma kuma su ke riƙe da aikin.

Darussan lissafi, kimiyya da rubutu da ake yi ranar Asabar suna da kyau, haka ma zaman mako shida na hutun bazara a harabar jami'a, wanda da farko mahaifiyarta ta ƙi amincewa da shi sai da muka je muka ga masaukin 'yan mata da idonmu. Sai dai abin da ya fi amfanar gidanmu shi ne jagora. Ni ban yi jami'a ba, ban san me ake nufi da FAFSA ba, wato takardar neman tallafin karatu, balle bambancin tallafin Pell da ba a mayarwa da bashin da ɗalibi zai yi shekaru yana biya. Malamar da aka haɗa mu da ita ta zauna da ni da takardun harajina, ta bi su layi-layi ba tare da ta nuna gajiya ba, kuma ita ce ta sa yarinyar ta sake rubuta bayanin kanta har sau huɗu kafin a tura wa jami'o'i.

Inda shirin ya gaza shi ne gurbi, domin kowace cibiya ɗalibai kaɗan take ɗauka. Doka ta tanadi cewa kashi biyu cikin uku su kasance 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi waɗanda iyayensu ba su da digiri, saboda haka wanda ɗansa ya cancanta ya tambayi mai ba da shawara a makarantarsa tun yaron yana aji takwas, wato ajin ƙarshe kafin shiga babbar sakandare a Amurka, kada ya bari sai ya kusa gama sakandare.