Rogers da Optus: wa ya fi iya wanke kansa bayan sabis ya ɗauke?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ban haƙuri kaɗai ya isa idan kamfani ya bar mutane a duhu, ko sai ya haɗa da diyya. Ga kamfanonin waya biyu da suka faɗa rami iri ɗaya.

Rogers na ƙasar Kanada sabis ɗinsa ya ɗauke ranar 8 ga Yuli, 2022, bayan wani gyara da injiniyoyinsa suka yi. Mutane fiye da miliyan 12 abin ya shafa, katin biyan kuɗi na Interac ya daina aiki a shaguna, masu kiran lambar gaggawa ta 911 suka rasa hanya. Optus na Ostiraliya nasa ya faru ranar 8 ga Nuwamba, 2023, ya taɓa kusan mutum miliyan 10, har da masu neman 000, lambar gaggawa ta ƙasar.

A safiyar farko babu wanda zan yaba wa. Dukansu sun bar jama'a suna lalube.

Daga baya ne hanya ta rabu. Shugaban Rogers, Tony Staffieri, ya fito ya amsa laifin da sunansa. Kamfanin ya cire wa kowa kuɗin kwana 5 ba tare da sai ya nema ba, ya sauya babban jami'in fasaha, ya yi alkawarin raba layin waya da na intanet don kada su sake mutuwa tare. Mutane ba su huce gaba ɗaya ba, amma sun ga abu a hannu.

Optus kuwa ya ƙi mayar da kuɗi ga kowa da kowa, ya ba da kyautar data 200GB. Mai shagon da ya wuni bai yi ciniki ba, me zai yi da data? Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lissafin gaggawa: da fari sun ce kira 228 ne bai shiga ba, daga baya aka gano mutanen sun haura 2,000. Shugabar, Kelly Bayer Rosmarin, ta sha tambayoyi a majalisar dattawa, ta ajiye aiki ranar 20 ga Nuwamba. Shekara guda bayan haka hukumar sadarwa ta ci kamfanin tarar dalar Ostiraliya miliyan 12.

Ni dai Rogers nake ba wa gaba, ko da yake shi ma ya makara wajen buɗe baki.